Guguwar teku: ina gargaɗin gaskiya ya tsaya, ina ƙarin gishirin talabijin ya fara?

Tambaya: Wani ɗan'uwa da ya koma birnin Houston na jihar Texas da iyalinsa ya rubuto yana cewa: "Duk shekara da an shiga watan Agusta gidajen talabijin ba su da zance sai guguwa. A nuna jan zane a taswira, mutane su wawashe ruwan gora a kantuna, daga ƙarshe a yi ɗan ruwa da iska a watse. Maƙwabcina ya ce duk neman 'yan kallo ne. Gaskiyarsa ne? In kuwa akwai haɗari na gaske, me zan tanada, kuma yaushe ake barin gida?"

Amsa: Maƙwabcinka bai yi ƙarya ba, ɗan'uwa, amma bai ƙarasa zancen ba. Abu biyu kake gani a allo ɗaya. Akwai hasashen Cibiyar Kula da Guguwa ta Amurka da ke Miami, wadda ake taƙaita sunanta da NHC, akwai kuma adon da gidan talabijin ya yi wa hasashen don kada ka canza tasha. Na farkon abin dogara ne. Na biyun sai ka tace.

Ko da babu ƙarin gishiri ko kaɗan, dole gargaɗin guguwa ya riƙa yi wa yawancin mutane kama da zuzutawa. Kwana biyu kafin ta iso ba wanda ya san takamaiman inda tsakiyarta za ta sauka, don haka ake gargaɗin gaɓar teku mai tsawon ɗaruruwan kilomita. Iskar da ta fi muni kuwa tana cikin zoben da ya kewaye idon guguwar ne (wato tsakiyarta, inda iska ke lafawa), wanda faɗinsa bai wuce 'yan gomiyoyin kilomita ba. Ke nan ko hasashe ya faɗa daidai, akasarin waɗanda aka gargaɗa za su wayi gari da karyayyun rassa kawai, su ce an yaudare su. A watan Agustan 2020 an kwashe mutanen Galveston, garin bakin teku kusa da Houston, saboda guguwar Laura, cibiyar kuma ta ce teku za ta tumbatso da tsayin da ba mai tsira daga gare shi. Laura ta sauka ranar 27 ga wata a Cameron ta jihar Louisiana, Houston ba ta ga komai ba, tekun ma ba ta shanye birnin Lake Charles na Louisiana yadda aka ji tsoro ba. Aka yi ta cewa an cika baki. Da ma'aikata suka je awo daga baya, sai ga alamar ruwa ta haura mita 5 a wajen Creole da Grand Chenier, ƙauyukan da babu kyamarar kowa a can. Ruwan ya zo, wurin saukarsa ne ya gusa kaɗan.

Illar wannan ita ce mutum ya ɗauki guguwar bara ya auna ta bana da ita. A 2011 birnin New York ya umarci mazauna bakin ruwa su tashi saboda guguwar Irene, aka rufe jiragen ƙarƙashin ƙasa, birnin ya tsira da ɓarna kaɗan, aka yi wa hukuma da 'yan jarida dariya, alhali jihar Vermont da ke can cikin ƙasa tana cikin ambaliya. Bayan wata goma sha huɗu Sandy ta zo, aka sake ba da umarni iri ɗaya, da yawa suka ce ai mun ga Irene. Sama da mutum 40 suka rasu a birnin, akasarinsu nutsewa suka yi.

Inda 'yan jarida ke da laifi na gaske shi ne abin da suke zaɓa su nuna. Iska tana yin kyau a hoto: bishiyar dabino na rangaji, kwano na tashi, ɗan rahoto ya riƙe ƙarfe yana ihu. A lokacin guguwar Florence, cikin Satumbar 2018, an nuna wani ɗan rahoto a Wilmington yana tangaɗi kamar iska za ta ɗauke shi, sai ga maza biyu sun gifta ta bayansa suna tafiyarsu hankali kwance. Irin wannan ne ke zubar da mutuncin gargaɗi. Ruwan da ke hawa a hankali cikin dare a wata unguwa ba ya jan 'yan kallo sai ya riga ya ci gida.

Wanda ya fi talabijin ɓarna shi ne hoton taswirar da ake turawa a WhatsApp da Facebook, mai nuna ƙatuwar guguwa a kan Houston nan da kwana goma sha biyu. Yawanci daga lissafin kwamfutar hasashen Amurka mai suna GFS ake ciro shi. Sau huɗu ake gudanar da lissafin nan kowace rana, yana hangen har kwana 16, kuma abin da ya nuna da safe kan ɓace kafin la'asar. Mai neman mabiya sai ya zaɓi wanda ya fi ban tsoro ya yaɗa. Hasashen hanyar guguwa na hukuma kwana biyar kawai yake kaiwa, kuma a rana ta biyar ɗin kuskurensa kan haura kilomita 200.

Haka kanun labarin da ke cewa "wani hadari ya baro Afirka ya nufo Amurka". Wannan hadarin namu ne na damina. Yana tasowa daga tsaunukan Habasha da Sudan, ya ratso Cadi, Nijar, arewacin Najeriya da Mali, ya faɗa Tekun Atilantika ta wajen Senegal, duk bayan kwana uku zuwa biyar. Mafi yawan manyan guguwoyin Atilantika daga nan suke, har da Harvey da Beryl da suka wahalar da garinku. Sai dai kimanin 60 ke fitowa a shekara, kuma ƙalilan ke zama wani abu. Sai ya sami teku mai ɗumin digiri 26 zuwa 27, da iska mai laima, kuma iskar sama ba ta yanke masa kai ba. Busasshiyar iskar Sahara mai ƙura tana kashe da yawa a hanya, wanda ya rayu kuma yana buƙatar fiye da mako kafin ya kai gaɓar Amurka.

Zanen mazurarin nan da ke faɗaɗa a taswira shi aka fi karantawa a karkace. Ba girman guguwa yake nunawa ba, ba kuma iyakar inda ɓarna za ta tsaya ba. Yana nuna inda ake sa ran tsakiyarta za ta bi, an gina faɗinsa a kan kurakuran hasashen shekaru biyar da suka wuce, kuma kusan sau ɗaya cikin uku tsakiyar kan fita daga cikinsa. Layin tsakiya da masu gabatar da labarai ke bi da yatsa shi ya fi yaudara. A 2004 hankalin kowa na kan birnin Tampa na jihar Florida, guguwar Charley ta karkata ta afka wa Punta Gorda. A 2022 aka maimaita: ana ta zancen Tampa, Ian ta sauka a tsibirin Cayo Costa kusa da Fort Myers ranar 28 ga Satumba, daidai inda Charley ta sauka. Yankin yana gefen mazurarin, ba a tsakiya ba, umarnin tashi kuma bai fito ba sai ana gobe za ta iso. Mutum kusan 150 suka rasu a Florida.

Yanzu lambar nan ta mataki na 1 zuwa na 5 da ake ta nanatawa. Iska kaɗai take aunawa. Daga gudun kilomita 63 a awa ake raɗa wa guguwa suna, daga 119 ta zama mahaukaciya a mataki na 1, na 2 daga 154, na 3 daga 178, na 4 daga 209, na 5 daga 252. Lambar ba ta faɗa maka yawan ruwan sama, ko faɗin guguwar, ko saurin tafiyarta, ko tsayin da teku za ta tumbatso. Nazarin da Edward Rappaport na cibiyar NHC ya wallafa a 2014, kan mace-macen shekarun 1963 zuwa 2012, ya nuna kusan tara cikin goma na waɗanda guguwa ta kashe kai tsaye a Amurka ruwa ne ya kashe su: kusan rabi tumbatsar teku, sama da kwata ambaliyar ruwan sama. Iska ba ta kai ɗaya cikin goma ba.

Tarihin Houston kansa ya ishe ka shaida. Allison ta watan Yunin 2001 ba ta taɓa kai mataki na 1 ba, amma ta yi ta kai-komo tana zuba, wasu wurare suka sami ruwa kusan mita guda, mutum 23 suka rasu a Texas. Ike ta 2008 mataki na 2 ce, amma faɗinta ya sa ta turo teku mita 4 da rabi zuwa 6 a kan zirin Bolivar da ke kusa da Galveston, ta share gidaje har tushe. Harvey ta sauka kusa da Rockport ranar 25 ga Agustan 2017 a mataki na 4, amma lokacin da ta nutsar da Houston ƙarfinta ya riga ya ragu, talabijin na cewa "ta yi rauni". Tsayawa ta yi wuri ɗaya kwana da kwanaki. A garin Nederland da ke gabashin Houston an auna milimita 1,539, ya zarce ruwan da Kano ke samu a damina guda nesa ba kusa ba. Duk sanda ka ji an ce guguwa ta rage mataki, tambayi saurin tafiyarta. Wadda ke jan ƙafa ita ce mai ambaliya.

Ka kuma lura da ɓangaren da za ta sauka. A arewacin duniya guguwa tana juyawa saɓanin hannun agogo, don haka a gaɓar Texas ɓangarenta na gabas ne ke turo teku da ruwan sama cikin ƙasa. Wadda ta sauka kudu maso yammacinku, wajen Matagorda ko Freeport, ta sa Houston a mugun ɓangare. Wadda ta sauka a iyakar Louisiana, kamar Rita da Laura, ta bar ku a ɓangaren sauƙi. Ƙaramar guguwa a Matagorda ta fi muku haɗari a kan babba a Cameron.

Batun barin gida: firgita ma tana kisa. A Satumbar 2005, ko wata guda ba a yi da guguwar Katrina da ta nutsar da birnin New Orleans ba, Rita ta kai mataki na 5 a teku, hotunan New Orleans na idon kowa, mutum sama da miliyan biyu suka hau titi lokaci guda, har da waɗanda gidajensu ke nesa da teku. Motoci suka yi cirko-cirko kusan kwana guda cikin zafi, mai ya ƙare, wata bas ɗauke da tsofaffi ta kama wuta kusa da Dallas mutum 23 suka ƙone. Waɗanda suka rasu a hanyar gudu sun haura 100, guguwar kuma ta karkata gabas. An gudu ba a tsira ba. Tun daga nan ka'idar jami'an agaji ita ce ruwa ake guje wa, iska kuwa ɓuya ake yi mata. Yankin Houston da Galveston an raba shi shiyya-shiyya bisa lambar gidan waya: ta bakin teku, sai A, B da C. Nemi taka yau. In kana cikin shiyyar da aka ce ta tashi, ko kana zaune a gidan tirela, wato gidan da ake iya ja da mota, tashi da wuri, kuma ba sai ka kai Dallas ba, gidan ɗan'uwa a tudu mai nisan kilomita 50 ya wadatar. In ba ka cikin shiyya kuma gidanka ba ya cin ruwa, zamanka ya fi, ka bar wa na bakin teku titi.

Labarin da za ka bi kaɗan ne. Lokacin guguwa yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba. NHC na fitar da cikakkiyar sanarwa duk awa shida, a agogon Houston ƙarfe 4 da 10 na safe, 4 na yamma da 10 na dare, da ƙanana a tsakani in an fara gargaɗi. Abin da talabijin ke yi tsakanin waɗannan lokutan maimaici ne, kashe ta ka yi aikinka. Haɗa da shafin ofishin hasashen yanayi na Houston da Galveston, shi ke faɗar abin da zai sami unguwanni. Kalmomi biyu za ka ji: "watch" na fitowa awa 48 kafin iska mai ƙarfi ta fara, ma'ana abin zai iya faruwa, "warning" awa 36, ma'ana ana sa ran sa. Agogon yana ƙarewa ne lokacin da iskar kilomita 63 ta iso, ba lokacin saukar ido ba, domin daga nan ba a hawa tsani, ba a ɗaukar katako. Kuma ka yi shirin mataki ɗaya sama da wanda aka faɗa. Hasashen hanya ya inganta sosai, na ƙarfi har yanzu yana ba da mamaki: Otis ta tashi daga ƙaramar guguwa zuwa mataki na 5 cikin kusan kwana guda kafin ta afka wa Acapulco ta Meziko a Oktoban 2023.

Ba a fafe gora ranar tafiya, shiri na watan Mayu ne. Fara da inshora, don ita ce ba ta yiwuwa a makare. Inshorar gida ko ta ɗan haya ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai an sayi ta ambaliya daban, ta gwamnatin tarayya kuma sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki. Kada ka ce taswira ta nuna unguwarku ba ta cikin haɗari: fiye da rabin gidajen da Harvey ta shiga a gundumar Harris, inda Houston take, suna wajen yankin da aka fi ɗauka da haɗari. Ɗauki bidiyon kowane ɗaki da kayansa. Fasfo, takardun zama, na makaranta da na asibiti a sa su cikin leda mai zif, a ajiye hotunansu a intanet.

Ruwan sha galan ɗaya, kusan lita 4, ga kowane mutum a rana, na kwana bakwai. Gida mai mutum biyar galan 35 ke nan, sama da lita 130. Ba sai ka yi kokawa a kanti ba, ruwan famfo lafiyarsa ƙalau kafin guguwa, cika jarkoki masu tsabta. Lissafin nan bai ƙunshi tsarki, alwala da kora bayan gida ba, don haka a cika bahon wanka, a kulle ƙofar bayin saboda yara. In an ce a tafasa ruwa, ya yi minti ɗaya yana tafarfasa. In babu wuta, ɗigo 8 na bilic marar ƙamshi, mai ƙarfin kashi 6 cikin ɗari, a galan ɗaya, a jira minti 30. In ruwan ya yi gurɓi a tace a ninka. Buhun shinkafa ba abinci ba ne in murhunka na lantarki ne. Tanadi abin da ba ya son wuta: garin rogo, gyaɗa, dabino, kifin gwangwani da mabuɗinsa, biskit, madarar gari. Magani na mako biyu, tsabar kuɗi ƙanana domin na'urar kati ba ta aiki ba wuta, tocila da batir maimakon kyandir, rediyo mai batir, fawa bank a cike, tankin mota kada ya sauka ƙasa da rabi duk tsawon lokacin.

Salatif da ake mannawa a gilashin taga aikin banza ne, ba ya hana fashewa, sai dai ya sa gilashin ya tashi manya-manya. Buɗe taga wai don a rage matsin iska ma kuskure ne, iskar da ta shiga gida rufi take turawa sama. In gidan naka ne, katakon filawud mai kaurin milimita 16, ya zarce taga da kamar inci huɗu ta kowane gefe, a ɗaure da sukurori cikin katakon bango, a rubuta wa kowanne tagarsa. Ƙofar gareji ce ta fi rauni, a tokare ta. Kwashe kujeru, tukwanen fure da kwandon shara daga waje, share magudanar ruwan rufi da ta bakin titi, mota a kai ta tudu.

In ta iso, a zauna a ɗakin ciki marar taga a hawan ƙasa. In iska ta ɗauke ɗif ba zato, wataƙila ido ne ke wucewa, za ta dawo ta ɗaya ɓangaren da ƙarfinta, kada a fita. In ruwa ya fara shigowa, kashe babban makunnin lantarki tun ƙasa na bushe. Kada a hau cikin silin, ruwa ya sha rufe mutane a can. In ta kai ga haka saman rufi ake hawa a kira lambar gaggawa ta 911. Da yawa daga cikin masu nutsewa a ambaliyar Houston a mota suke ko sun fito daga mota, musamman a ƙarƙashin gadoji. Ruwa mai gudu santimita 15 yana kayar da babban mutum, 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 yana tafiya da jif.

Sashen da kyamara ta riga ta tattara ta tafi shi ne bayan guguwa, kuma shi ya fi shafar mutum irinka da ba ya bakin teku. Beryl ta sauka a Matagorda ranar 8 ga Yulin 2024 a mataki na 1 kacal, ta katse wutar sama da gidaje da shaguna miliyan biyu, wasu suka haura mako ba wuta a tsakiyar zafi, mutane suka mutu saboda zafin. Firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi awa huɗu, firiza cikakkiya awa 48, rabi awa 24. Daskarar da gorunan ruwa tun kafin lokaci ka cike gurbi da su. Nama ko miyar da ta yi fiye da awa biyu a ɗumin da ya wuce digiri 4 a zubar, ɗanɗano ba ya nuna lalacewarta.

Mu da muka taso da janareta mun fi kowa raina shi, a nan ne haɗarin yake. Gidajen Amurka a toshe suke ruf saboda na'urar sanyaya ɗaki, hayaƙin da ya shiga ba ya fita. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri da barci take kawowa. Bayan Laura, waɗanda hayaƙin janareta ya kashe a Louisiana sun fi waɗanda iska da ruwa suka kashe kai tsaye, har da mutum biyar 'yan gida ɗaya a Lake Charles da suka kunna shi a gareji. Janareta a fili yake zama, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bututun hayaƙi ya juya wa gida baya. Gareji bai halatta ba ko da ƙofarsa a buɗe, barandar bene ma haka. Sa na'urar gano wannan iska mai batir kusa da ɗakunan kwana. Kada a soka wayarsa a soket ɗin bango don a ba gida wuta, wutar kan koma layin waje ta kashe ma'aikacin da ke gyara. A kashe shi ya huce kafin a ƙara mai. Gawayi da risho na gas su ma a waje.

In a gidanka akwai mai wankin ƙoda, ko mai amfani da na'urar numfashi, ko tsoho, ko jariri, ko mai tsohon ciki, lissafinka ya bambanta da na maƙwabcinka ko da kuna nesa da teku, domin abin da za ku guje wa shi ne mako guda ba wuta. Kira 211 tun yanzu a sa sunansu a rajistar masu buƙatar taimakon gaggawa ta jihar Texas, tambayi asibitin wankin ƙoda inda za a tura marar lafiya in sun rufe, kuma ku ajiye magana da wani gida a San Antonio ko Austin da za ku sauka da zarar an fitar da sanarwar awa 48.